Talatar Garba Tela

Tun da na dawo daga aikin Jajaye ban huta da tambaya ba. A bakin shago, a masallaci, har a wajen ɗaurin aure, sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Lawan, wai gaskiya ne abin da aka ce ka gani a gidan hayar nan?" Wasu sun ce fatalwa na gani, wasu sun ce guduwa na yi na bar kayan aikina. Ni dai ban ga komai ba, kuma akwatin kayana ga shi nan a shago. Abin da na ji da kunnena shi zan faɗa, tun daga tasha, don kowa ya huta.

Ni kafinta ne, shagona yana Ɗorayi. Wani ɗan kwangila ya ba ni aikin rufi da bencuna na wata makarantar firamare a Jajaye, cikin ƙasar Rogo, daidai lokacin da damina ta ja baya aka fara cirar gyaɗa. Ya ce aikin zai kai ni har bayan girbi, kuma ya riga ya kama mini ɗaki a wani gida da 'yan haya ke zaune.

Daga Kabuga na hau ƙaramar bas. Kwandasta ya cusa akwatina a but, ya ɗora masa buhun gishiri, ya ɗaure murfin da igiya. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Karaye, Iya Abu, wadda kafin mu fita daga gari ta san sunan mahaifina da unguwarmu da yawan 'ya'yana. Mun wuce Gwarzo da kaɗan taya ta fashe. Jak ɗin direba ya ƙi ɗagawa, sai da aka sauke gishirin na ba su guntun katako aka tokare. Da muka shiga Karaye la'asar ta yi sanyi, ga shi ranar kasuwa ce, kowane ɗan acaba ya cika babur da masu komawa ƙauye.

Iya Abu ta ce ba za ta bar baƙo ya kama hanyar da bai sani ba rana na faɗuwa. Ta kai ni wajen ɗan ƙanenta Tukur, shi ma kafinta. A Kano in baƙo ya zo maka da akwati da yamma, abu na farko za ka tambayi wanda ya turo shi. Tukur gajiyata kawai ya yi ta tambaya, da mutanen gida, da yadda muka ga damina a birni, sannan ya shimfiɗa mini tabarma a shagonsa tsakanin ƙyamaren da bai gama ba. Aka kawo dambun tsaki da zogale, an barbaɗa ƙuli an kwarara man gyaɗa, irin man da ƙamshinsa kaɗai ya isa ya sa ka raina wanda muke saye a kwalba.

Da safe na hau acaba, akwati a ɗaure a baya yana dukan ƙuguna. Inda ƙasar Karaye ta ƙare ta Rogo ta fara babu wata alama da na lura da ita sai shingen 'yan sintiri, katako mai ƙusoshi a gicciye da rumfar kara. Suka sa na buɗe akwatin. Babbansu ya ɗaga zarto, ya ɗaga kurfi, ya dube ni, sannan ya nuna mini bencinsu da ƙafa ɗaya ta karye. Na gane. Ina cikin buga ƙusa ya tambayi inda zan sauka, na ce gidan hayar Alhaji Mamman a Jajaye. Ya dubi ɗan'uwansa ya ce, "Gidan su Garba." Suka janye katakon, suka ce Allah Ya kiyaye hanya.

Gidan yana can ƙarshen gari, bayansa gonar rake. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, zaure ɗaya, ɗakuna huɗu a jere suna kallon tsakar gida. A tsakiya akwai babbar darbejiya, irin wadda ba ta daina zubar da ganye, ga randa a gindinta. Mutum biyu na tarar. Malam Habu malami ne a makarantar da zan yi wa aiki, dattijo mai furfura kaɗan a gemu, mai magana a hankali. Isyaku kuwa matashi ne ƙaƙƙarfa, shi ke kula da injin ɓarzar gyaɗa a bakin kasuwa. Suka ba ni ɗaki na uku, wanda wani ma'aikacin gona ya tashi daga ciki. Na huɗun yana kulle da ƙaramin kwaɗo.

Bayan la'asar Malam Habu ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya ce kafin in kwance kaya gara in ji yadda ake zama a gidan. Na yi haya a Kano gidaje da dama, kuma doka ɗaya na sani a can: ka biya, ka rufe ƙofarka, kada ka taɓa bokitin wani. A nan abin ya fi haka. Tukunya ɗaya ake ɗorawa, kowa ya kawo tsabarsa. Baƙo iyakarsa zaure. Ba a kunna rediyo in Malam Habu yana duba littattafan yara. Cajin waya a jikin sola bi da bi ne, wanda ya riga sakawa ba a cire masa. Wanda ya ga gishiri ko ashana sun kusa ƙarewa, shi zai faɗa tun kafin su ƙare. Shara da cika randa daga rijiyar ƙofar gida kuwa an raba, kowa kwana bibbiyu. Ni aka ba ni Asabar da Laraba.

Na lissafa a raina na ga saura rana ɗaya, na tambaya. Malam Habu ya ce, "Talata ta Garba ce."

Ya ce ranar Talata ba wanda ke taɓa tsintsiya ko guga. Kowa ya karya ya fita, a kulle zaure, kada wanda ya dawo sai an kira azahar. Na tambayi ina Garban yake. Isyaku ya tashi ya shiga ɗaki. Malam Habu ya gaya mini Garba tela ne, mutumin wani ƙauye a Kurugu, shi ke da ɗaki na huɗu. Da shi aka tsara dokokin nan, kuma rana ɗaya aka ba shi don shi yake yi musu facin kaya ba ya karɓar komai. A daminar da ta gabata ya tafi gaida mahaifinsa bayan an kwana ana ruwa. An tsinci babur ɗinsa a ƙasan mashigin rafi, shi kuwa ba a gan shi ba har yau. Mahaifinsa ya ƙi yarda a ce ya mutu, ya roƙi mai gida a bar ɗakin yadda yake.

Na ce Allah Ya bayyana shi, amma me ya hana su raba Talatar a tsakaninsu? Malam Habu ya ce ranar da suka tsara zaman, sun yi alkawari ba za a canza doka ko ɗaya ba sai duk masu ɗaki sun yarda, suka shafa Fatiha a kai. "Ba mu ji ta bakinsa ba," in ji shi. "Kuma bai taɓa fashi ba."

Na ɗauka tsufa ne da kewa. Na ce na yarda, muka yi musabaha.

Talatar farko muka fita tare, na ga Isyaku ya danna kwaɗon zaure. Mun bar tsakar gida cike da ganye, randa saura ɗan ruwa a ƙasa. Da muka dawo bayan azahar, tsakar gidan fes take, ga sawun tsintsiya a jere kamar an taje ƙasar, ganyen an tara shi a kusurwa. Randa ta cika har baki. Malam Habu ya ɗebi ruwa ya yi alwala. Ni ma na ɗiba. Ruwan ya fi na rijiyarmu sanyi, kuma yana da ɗan ƙarnin laka.

Na sa ido a kansu. Malam Habu ina kan rufi ina hango shi a aji tun safe. Injin Isyaku kuwa duk garin ana jin ƙararsa, in ya tsaya kowa zai sani. Na duba katanga, ba sawun hawa. Na tambayi mai shayin da nake karyawa a wajensa ko akwai wata tsohuwa mai mukullin gidan. Ya ajiye mini kofi ya ce su a nan ba sa zancen gidan da ba nasu ba. Wannan ma ya bambanta da Kano, inda abu irin wannan ba zai kwana ba sai an ɗauka a waya an watsa.

A haka na saba. Zaman ya yi mini daɗi, don gaskiya ban taɓa zama gidan haya da ba a yin faɗa kan ruwa ba sai nan. Isyaku gwanin fate ne, yana kawo mazarƙwaila duk ranar kasuwa. Ni na gyara musu ƙyauren bayi da maratayin kwanuka. Ranar Talata kuwa ina rigan kowa fita.

Sai wata Talata zazzaɓi ya kama ni a kan aiki. Tun da safe nake jin jikina ba daidai ba, zuwa hantsi guduma ta fara yi mini nauyi, haƙorana na haɗuwa. Na sauko daga rufi. Malam Habu yana cikin aji, ban so in katse shi ba, kuma gaskiya a lokacin ban tuna wace rana ce ba, katifata kawai nake gani. Na buɗe zaure da mukullina, na shiga na sa sakata ta ciki. Tsakar gida tana nan da ganyenta. Na cire takalmi a ƙofar ɗakina, na tura ƙyaure, na ja bargo.

Ban san iya lokacin da na kwanta ba. Rana dai tana sama, don haskenta yana shigowa ta ƙasan ƙyaure. Sai na ji tsintsiya.

Daga wajen ɗaki na huɗu ta fara. Shara ce ta mai natsuwa, a ja, a dakata, a ja, irin ta wanda ya san gidan. Nan take na tuna ranar. Na so in tashi, jikina ya ƙi. Sharar ta zagaya gindin darbejiya, ta bi gaban ɗakin Malam Habu, ta bi na Isyaku, tana matsowa. Ƙarnin laka ya cika ɗakin, irin na bakin rafi bayan ambaliya. Da ta iso ƙofata sai ta tsaya.

Na ji an ɗaga takalmina. An ajiye su gefe, an share wajen, an mayar da su. Ba abin da ya tare hasken ƙasan ƙyaure ko kaɗan, amma na ga danshi yana bin dandamalin yana shigowa a hankali. Ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina kai tsakiya in koma farko. Tsintsiyar ta wuce. Can na ji ana juye ruwa a randa, guga bayan guga, alhali ban ji an taɓa sakatar zaure ba.

Sai shiru. Na ɗauka an gama. Daga nan, dab da ƙyaurena, wata murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Sannu da jiki, baƙo."

Ku da kuke tambaya, nan ne wajen da nake jin nauyin faɗa. Amsawa na yi. Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Yauwa, sannu da aiki." Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a gaishe ka ka yi shiru.

Da aka kira azahar su Malam Habu suka tarar da zaure a kulle ta ciki. Da rarrafe na je na buɗe. Isyaku ya dubi tsakar gida, ya dube ni, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce na karya abin da na yi musabaha a kai, in wani abu ya biyo baya ni na jawo, kuma gara in nemi wani gida. Ban musa ba, don yana da gaskiya. Malam Habu ya sa ya yi shiru, ya kawo mini magani da kunu. Da la'asar, jikina ya ɗan saki, muka zauna a tabarma na faɗa musu komai.

Da na zo kan muryar, Malam Habu ya tambaye ni ko tana ɗan shaƙewa kamar ta mai mura. Na ce haka take. Isyaku ya sunkuyar da kai. Malam Habu ya daɗe yana kallon ƙofa ta huɗu, sannan ya ce, "Lawan, tsakaninka da Allah, yaya ka ji shi?"

Na ce, "Malam, kamar wanda ya gaji."

A daren ba wanda ya ci fate. Washegari Malam Habu ya je wajen limamin gari. Liman ya ce shi dai abin da ya sani, wanda ya mutu ba ya dawowa shara, ko mene ne wannan Allah ne Ya san shi. Amma alkawari su suka ɗaura, kuma tun da mai shi ba ya nan, mahaifinsa yana iya yarda a madadinsa. Dama Alhaji Mamman, mai gidan, ya sha aikowa daga Rogo cewa tun da ga kafinta a gida, a cire kwaɗon ɗakin a ba wani, Malam Habu yana ba shi haƙuri. Yanzu Malam Habu ya ce ba za a taɓa ƙofar ba sai mahaifin Garba yana tsaye.

Da na warware muka ɗauki babur, ni da Malam Habu, muka nufi Kurugu. Hanyar burji ce da ramuka, ko'ina mutane na sussukar gyaɗa, kowa muka wuce sai ya ɗago ya yi mana sannu. Da muka zo mashigin rafin na yi mamaki. Ruwan bai kai idon sawu ba, yashi fari, shanu na sha. Malam Habu ya nuna mini wata ciyawa da ta maƙale can saman reshen bishiya, ya ce nan ruwan ya kai a ranar. Muka sauka muka tura babur. Ƙarnin wajen na san shi. Ban faɗa masa ba.

Mahaifin Garba, Malam Ɗanjuma, siririn tsoho ne, muka same shi yana tufkar igiya a zaure. An daɗe ana gaisawa, aka kawo fura, aka sake gaisawa. Sannan Malam Habu ya ce, "Baba, wannan baƙonmu ne daga Kano, yana da magana." Na faɗa masa yadda na faɗa muku. Bai daina tufka ba har na zo wajen takalmin. Nan hannunsa ya tsaya. Ya ce tun Garba yana yaro ba ya zagaye abu in yana shara, sai ya ɗaga, uwarsa ce ta koya masa.

Ya ajiye igiyar. Ya ce duk wannan lokacin yana cewa yaron na nan da rai a wani wuri, don ya ji labarin sharar, yana ɗauka alama ce. Bai taɓa tunanin wahala ce ba.

Ranar Litinin tsohon ya zo Jajaye da ƙanensa. Bayan la'asar liman ya zo, Alhaji Mamman ma ya zo. Ni aka ce in cire kwaɗon. Na kwance shi da ƙusoshinsa a hankali, ban fasa komai ba. Keken ɗinkin yana nan a jikin taga, ya yi tsatsa, yanar gizo ta rufe shi, wata riga rabin ɗinki tana maƙale a ƙarƙashin allura. Katifar ta yi fumfuna. Amma daɓen ɗakin a share yake tas, da sawun tsintsiya sabo.

Ba wanda ya shiga sai tsohon. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya yi sallama, ya ce, "Garba, ni ne. Abokan zamanka sun nemi a canza doka, na yarda a madadinka. Talata ta fita daga wuyanka. Ka yi musu aiki, sun gode. Ka huta."

Liman ya yi addu'a, muka shafa. Tsohon ya naɗe rigar da kansa, aka ɗaure keken a bayan babur. A nan tsakar gida Malam Habu ya tambayi wanda zai ɗauki Talata, na ce ni, tun da ni na shiga ranar da ba tawa ba. Isyaku ya miƙo mini hannu.

Washegari, duk da haka, ba wanda ya iya zama. Muka karya muka fita, Isyaku ya danna kwaɗo kamar kullum, ba tare da mun yi shawara ba. Ina kan rufi ina buga kwano, amma hankalina yana ƙarshen gari. Da aka kira azahar muka haɗu a ƙofar gida mu uku, kowa na jiran wani ya buɗe. Malam Habu ya buɗe.

Ganye ne ko'ina, har cikin kwanukan wanke-wanke. Kaji sun tsallako katanga sun yi tono a gindin darbejiya. Isyaku ya je ya leƙa randa, ya sa moɗa, muka ji ta kankari ƙasa. Ya tsaya riƙe da moɗar, ƙaton mutum irin wannan, sai ya zauna a ƙasa cikin ganyen ya fashe da kuka. Ya ce shi tun ranar da aka tsinci babur bai yi kuka ba, don duk Talata yana ganin Garba ya zo gida.

Malam Habu ya dafa kafaɗarsa, ya ce yau ne ya kamata a yi musu gaisuwa. Da yamma kuwa maƙwabta suka fara shigowa zaure ɗaya bayan ɗaya, har da mai shayin nan, suna cewa Allah Ya jiƙan Garba, Allah Ya ba da haƙuri.

Ni dai na bar su a zauren, na ɗauki guga na nufi rijiya, don masu zuwa gaisuwa za su buƙaci ruwan alwala.